Ƙwayar Cuta Mai Ƙirga 'Ya'yanta

Mijin yayata bai taɓa ganin abu mai waya a jiki ya wuce shi salin alin ba. Rediyo ne, dutsen guga ne, firji ne, sai ya tsaya ya karkata kai ya saurara, sannan ya ce, "Wannan yana shan wahala a ciki." Injiniya ake ce masa a layinmu, kuma shi ya raɗa wa kansa. Hujjarsa hoto ɗaya ne, yana falonsa, yana cikin wayarsa, yana aljihun gaban rigarsa: ga shi nan da farar hular kwano da jibgegiyar kwat, bayansa duwatsu fari fat, dusar ƙanƙara a kafaɗarsa. A can ne, in ji shi, ya yi wata tara yana koya wa Turawa gyara. Ba koyo ba fa, koyarwa.

Ni mai hoto ce. Shagon na gada daga babanmu, da kyamara biyu, da wata doguwar kabad ta ajiye labulen baya wadda ta kusa taɓo silin, da kwamfuta ɗaya da ta haɗiye hotuna dubu arba'in da ɗaya. Baba, Allah ya ji ƙansa, bai taɓa sa wa hoto suna ba. Lambobi ne kawai jere, duk a kansa ya riƙe wane ne wane, kuma da kansa ya tafi.

Ranar Talata da yamma na fita sayen takardar wanke hoto, na bar Injiniya yana tsare mini shago. Da na dawo na tarar da shi ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya.

"Ƙanwata, kwamfutarki ta roƙi a sabunta ta, na sabunta ta. Gobe sai kin ɗaure ta da igiya, don gudu za ta yi."

Washegari na kunna ta. Na tura maus, kibiyar da ke allo ta tsaya tana tunani. Na haɗa shayi, na sha, na wanke kofi, sannan ta iso inda na aike ta. Akwatin kwamfutar kuwa sai nishi yake kamar mai ɗauke da buhu a kan tudu.

A wannan halin Goggo ta shigo. Goggo matar marigayi Baba Kafinta ce, wanda shagonsa ke jikin namu shekara talatin. Ta zauna a bakin benci, ta ɗora jakarta a cinya.

"'Yata, yau ƙarfe huɗu motar 'yata za ta zo ta ɗauke ni. Na tashi ke nan, can zan ƙarasa. Jikokina suna tambaya yaya kakansu yake, ni kuwa ba ni da abin nuna musu. Mutumin nan bai taɓa yarda an ɗauke shi hoto ba. In ya ga kyamara sai ya juya ƙeya." Ta gyara jakar a cinyarta. "Jiya ina ɗaure kaya na rufe ido in gan shi, sai hannuwansa kawai na gani. Fuskar ta fara gudu na. Amma na tuna yana yawan taya babanki riƙe labule. Ko a gefen hoton wani ne, ki duba mini."

Na dubi agogo, ƙarfe tara. Na dubi kibiyar, tana nan inda na bar ta.

"Wa ke neman injiniya?"

Babu wanda ke nema, amma ya riga ya shigo, da jakar kayan aikinsa da ke ƙara kamar an zuba cokula a ciki. Da ya ji bayani sai ya dafa ƙirji.

"Goggo, ki kwantar da hankalinki. Minti goma. A inda na koyar, irin wannan ai yaran da ke share ɗaki muke bar wa."

Ya kara kunne a jikin akwatin, ya ƙwanƙwasa shi da yatsa kamar mai zaɓen kankana. Kafin ya gama, maƙwabta sun fara leƙowa. Tela ya zo da tef a wuya. Mai Aski ya zo da almakashi a hannu, ya bar wani bawan Allah da rabin kai. Mai Kemis ta zo daga ƙarshe, tana goge tabarau. Ita mace ce mai wani hali guda: duk rubutun da ya yi ƙanƙanta, shi take fara karantawa, saboda shekara ashirin tana karanta takardar cikin kwalin magani.

"Akwai wani ɗan rubutu a can ƙasa," in ji ta. "Da lamba tana hawa. Dubu uku da ɗari biyu cikin dubu arba'in da ɗaya."

Injiniya ya leƙa, ya ja da baya, ya riƙe baki.

"Kun gani! Ƙwayar cuta ce. Tana haihuwa tana ƙirga 'ya'yanta. In ta kai dubu arba'in da ɗaya, shi ke nan, sai dai a binne kwamfutar."

"Rubutun bai ce haka ba," in ji Mai Kemis. "Ya ce—"

"Hajiya, ke da cutar mutane kika saba. Cutar ƙarfe daban take."

Ya danna maɓallin kashewa da babban yatsa, ya riƙe, har allon ya yi baƙi. Ya sake kunnawa. Bayan dogon jira lambar ta dawo, tana kan sifili.

"Dubu uku da ɗari biyu a bugu ɗaya!" Ya juya yana duban jama'a. "Wa ya taɓa kashe haka a cikinku?"

Mai Aski ya tafa. Lambar ta ce ɗaya, ta ce biyu, ta ce goma sha bakwai.

"Uwar ce ba ta mutu ba," in ji Injiniya. "Zafi ke sa ta haihuwa. A kawo mini fanka."

Aka ɗauko fankar Mai Aski, wadda ta shekara biyar tana shaƙar gashin mutane. Injiniya ya kwance murfin akwatin, ya saita ta, ya kunna ta a lamba uku. Gashin layinmu kaf, baƙi da furfura, ya tashi ya shige cikin kwamfutata. Wanda bai samu wuri ba ya sauka a shayin Goggo. Mutumin da aka bari da rabin kai, wanda ya biyo fankar da tawul a wuya, ya leƙa cikin akwatin ya ce yana jin ya ga nasa.

"Yaya Injiniya, don Allah," na ce, "ƙarfe goma ta wuce."

"Ƙanwata, kin taɓa ganin an yi wa likita gaggawa yana tsakiyar tiyata?"

Ya sake kashewa. Dubu biyar suka tafi a wannan karon, kuma ya sa Tela ya rubuta adadin da alli a jikin ƙofa, don tarihi.

Da fanka ta gaza, sai ya ce ƙaramar fankar cikin akwatin ce ba ta da kuzari. Aka turo keken ɗinkin Tela har tsakiyar shagona. Injiniya ya cire bel ɗin keken, ya haɗa shi da zaren takalmi, ya naɗa a jikin 'yar fankar, ya ce Tela ya taka.

"In taka da sauri ko a hankali?"

"Taka kamar gobe ne bikin kuma ba ka yanka yadin ba."

Tela ya taka da iyakar gaskiyarsa. Zaren ya tsinke, ya tsallake kan mutum uku, ya tsinka wa Mai Aski mari a kunne. Mai Aski ya zabura ya taka wayar wuta, allon ya mutu.

"Dubu huɗu da ɗari shida," in ji Injiniya, ko gezau. "Da ma abin da na shirya ke nan. Tela, rubuta."

"Da kunnena ka shirya?" in ji Mai Aski.

"Kowane yaƙi da waɗanda ke jin rauni."

Goggo tana nan a bakin benci. Tana tsince gashi daga shayinta ɗaya bayan ɗaya, tana duban agogon bango. Sha biyu saura. Wannan kallon da take yi wa agogo ya fi duk surutun da ke shagon ƙara a kunnena.

Mai Kemis ta jawo ni gefe.

"Ke, na karanta rubutun nan har ƙarshe. Sabuwar manhajar ce ke bin hotunan ɗaya bayan ɗaya, tana ware su bisa fuskokin mutane, kowa da tarinsa. Shi ya sa komai ya yi nauyi, duk ƙarfinta yana can. Har ta rubuta kada a kashe. In ta gama, duk fuskar da ta taɓa shiga hoto a shagon nan za ta fito, ko a gefe take."

"Har ta Baba Kafinta?"

"In yana ciki. Tana cin dubu ɗaya a minti biyar. Awa uku da rabi take bukata, ba tare da kowa ya taɓa ta ba."

"To ai maganin shi ne a bar ta kawai."

"Shi ne. Sai ki nemo wanda zai gaya wa mijin yayarki ya bar abu kawai."

Na gwada. Na ce masa ga abin da rubutun ya ce. Ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Ƙanwata, ƙwayar cuta ce fa ta rubuta. Kina so ta rubuta 'a kashe ni'?"

Daga nan ya kawo babbar dabararsa, wadda ya ce ko a can ƙasar dusar ƙanƙara mutum biyu kaɗai suka san ta, ɗayan kuma ya rasu. Matsalar, in ji shi, akwatin yana ƙasan tebur, allo yana sama. Hotunan hawa suke yi kafin su iso, ga su da nauyi, dole su gaji a hanya.

"Ruwa yana hawa tudu? To haka bayanai suke. In akwatin ya koma sama, gangarowa kawai za su yi."

Aka aro tsanin Mai Fenti da ke aiki a gidan da ke kallonmu. Aka haɗa wayoyi, aka ƙara musu tsawo. Injiniya ya rungumi akwatin ya hau, mataki bayan mataki, yana ba da umarni ga mutanen da ba sa yin komai. Ya kai saman kabad, ya juya ya zauna, kansa a sunkuye saboda silin, akwatin a cinyarsa.

"A kunna!"

Aka kunna. Sha biyu da minti ashirin da biyar. Lambar ta fara daga sifili.

Sai katakon saman kabad ɗin ya ce ƙyas, gefe ɗaya ya ɗan nutse. Injiniya ya karkace. Ya tokare bango da ƙafa ɗaya, ya ƙanƙame akwatin da hannu biyu, haɓarsa a kan murfin. Da zarar ya saki hannu ɗaya, da shi da hotuna dubu arba'in da ɗaya sai ƙasa.

"Tsani! A matso da tsani!"

Na juya zan ɗauko. Mai Kemis ta taka mini ƙafa a hankali. Ta dubi Tela, Tela ya dubi Mai Aski, Mai Aski ya shafa kunnensa. Ban san lokacin da tsanin ya fita daga shagon ba.

"Mai Fenti ya karɓi abinsa," in ji Tela. "Ya ce fenti zai bushe."

"A aro wani!"

"An tafi," in ji Mai Aski, ya jawo kujera ya zauna.

Mai Kemis ta kai tata kujerar gaban soket, ta zauna ta rufe shi da bayanta, ta buɗe jarida.

Ban taɓa ganin aikin gyara mai kyau irin na wannan awa ukun ba. Babu wanda ya taɓa komai. Lambar tana hawa, Injiniya yana kuka da ita daga sama.

"Dubu goma! Jama'a, tana cika gidan da 'ya'ya! Ku kashe ta!"

"Ba mu da ilimin," in ji Tela. "Kai ne ka je waje."

Labari ya zaga layi cewa Injiniya ya hau sama da kwamfuta ya ƙi saukowa. Mai gyaran takalmi ya zo, masu jiran mota suka zo, wata mata ta ɗaga ɗanta ya gani. Wani ya tambaya ko sabon salon ɗaukar hoto ne, nawa ake biya. Wajen ƙarfe biyu Injiniya ya ce ƙishirwa, aka ɗaure kofi a sandar mofa aka miƙa masa, rabi ya shiga baki rabi ya bi wuyan riga. Wajen biyu da rabi ya ce hancinsa na ƙaiƙayi, Mai Aski ya sosa masa da sandar, kuma na lura bai yi sauri ba wajen gano inda hancin yake. Yayata ta zo da kanta, ta tsaya a ƙofa, ta ɗaga kai ta dubi mijinta.

"Ka ci abinci?"

"Ina tsakiyar aiki!"

"To," in ji ta, ta zauna kusa da Goggo.

Huɗu saura minti goma motar ta iso, direban ya danna hon. Goggo ta miƙe, ta gyara mayafi.

"Bar shi, 'yata. Allah bai nufa ba."

"Goggo, saura ɗari takwas. Don Allah."

Ta tsaya da jaka a hannu. Kowa ya zuba wa allon ido, har Injiniya. Lambar ta cika. Akwatin ya sauke wani dogon numfashi ya yi shiru. Na taɓa maus, kibiyar ta tashi kamar an tsikare ta.

"Kun gani!" in ji murya daga sama. "Gangara! Na ce muku gangara!"

Allon ya cika da ƙananan fuskoki, layi bayan layi, duk wanda ya taɓa zama a gaban kyamarar Baba. Ina ja, Goggo tana duba, hancinta ya kusa taɓa gilashin. Jarirai, amare, 'yan makaranta, mutanen da suka daɗe a ƙasa. Direba ya sake danna hon. Sai ta ɗora yatsa a kan wata 'yar fuska a can ƙasa.

"Tsaya."

A ƙarƙashin fuskar an rubuta hoto ɗaya. Ɗaya tak cikin dubu arba'in da ɗaya. Na buɗe shi.

Shagonmu ne, shekarun baya. An rataye labule mai zanen duwatsu fari fat. A tsakiya ga Injiniya da farar hular kwano da jibgegiyar kwat, yana duban nesa kamar mai tunanin makomar duniya. Daga ƙugu zuwa ƙasa kuwa, inda Baba ya yanke kafin ya wanke masa, gajeren wando ne da silifas ɗin wanka, ƙafa ɗaya shuɗi ɗaya ja. A gefen dama, riƙe da bakin labulen don kada ya faɗi, ga Baba Kafinta, kansa a baya, bakinsa a buɗe, yana dariyar da har idonsa ya rufe rabi.

"Wannan kwat ɗin!" in ji Tela. "Ta wani alhaji ce! Kwana ɗaya ta ɓace mini, na kusa rufe shago!"

"Hular kuma ta Mai Fenti ce," in ji mai gyaran takalmi. "Ga ɗigon kore nan a gefe."

Mai Kemis ta gyara tabarau, ta duba kafaɗar kwat ɗin.

"Audugata ce wannan. Ya ce wanke ciwo zai yi."

"Wata tara," in ji yayata a hankali. "Ashe shi ya sa wasiƙun da yake aiko mini ba su da kan sarki."

Shagon ya fashe. Mutumin nan mai rabin kai ya zauna a ƙasa yana buga tawul. Ni kuwa sama na duba, don na tuna abin da kowa ya manta: maɓallin kashewa yana nan daidai ƙarƙashin haɓar Injiniya. In ya sunkuya kaɗan, allon zai mutu kafin in tura hoton firinta. Na ga ya dubi maɓallin. Na ga haɓar ta fara sauka.

Sai ya dubi Goggo. Ita ba ta ji dariyar kowa ba. Ta shimfiɗa tafin hannunta a kan gilashin, hawaye na bin kumatunta, tana murmushi.

"Shekara arba'in da biyu muna tare," in ji ta, "sau nawa na ga wannan dariyar? Ga shi nan. Ga shi nan kuwa."

Injiniya ya ɗaga haɓarsa sama har ƙeyarsa ta bugi silin, ya riƙe ta a haka.

"Ƙanwata," ya ce da wata 'yar murya da ban san shi da ita ba, "ki yi sauri, wuyana zai karye."

Na tura. Kafin firinta ta ja takarda na ce, "Goggo, bari in yanke miki shi shi kaɗai, in ƙara masa girma."

"Kul. Kada ki cire yaron nan."

"Goggo, da silifas ɗin?"

"Da silifas ɗin. In kin cire shi, jikokina za su ce me kakansu yake yi wa dariya?"

Haka na wanke shi, babba, na sa a firem. Tsanin Mai Fenti ya dawo da kansa, ashe duk wannan lokacin yana jingine a bayan ƙofa. Aka karɓi akwatin, aka sauko da Injiniya a lanƙwashe kamar kujerar ninkewa. Goggo ta tsaya a gabansa da firem ɗin a ƙirji.

"Ɗana, Allah ya yi maka albarka. A falon 'yata zan rataye ka, inda duk baƙo zai gani."

Ta fita ta shiga motar. Motar ta tashi, muna ɗaga mata hannu, ita tana kallon abin da ke cinyarta.

Da ta sha kwana, Injiniya ya miƙe bayansa da ƙyar, ya karkata kai wajen firintata, ya saurara.

"Wannan," ya ce, "tana shan wahala a ciki."

Yayata ta ɗauki jakar kayan aikinsa ta miƙa wa Mai Kemis, Mai Kemis ta kai shagonta ta kulle a inda take ajiye magunguna masu haɗari.